Daga Iyakar Yamma Zuwa Gawo

Ni mutum ne mai saurin tashin hankali, kowa a gidanmu ya shaide ni da wannan. Idan hadari ya haɗo ina tunanin rufin ɗaki, idan bai haɗo ba ina tunanin shuka. Amma sai a daminar da idon mahaifina ya kama hanyar rufewa na gane cewa duk fargabar da na yi a baya wasan yara ce.

Baba malami ne kuma manomi. Bayan sallar asuba yana zaure yana biya wa mutane karatu, rana na ɗagowa ya saɓi fartanya ya nufi gona. Da muka kai shi Kano, likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun zo a makare. Ya yi mana bayani cewa ciwon daga gefe yake cin gani, yana matsowa tsakiya a hankali. Idon hagu ya riga ya tafi. A na dama saura ɗan wuri, wanda Baba da kansa ya ce kamar mutum ne yake leƙen duniya ta bakin buta. Aka ba mu maganin ɗigawa, aka ce zai rage wa ciwon gudu amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Na tambayi likitan yaushe ragowar za ta tafi, ya ce wannan sai Allah.

Ƙarancin ganin nan ne ya sa wata rana bai lura da dokin ƙofar zaure ba, ya faɗi, ƙashin ƙugunsa ya tsage. Mai ɗori ya zo ya ɗaure, ya kuma ja mana kunne cewa kada a kuskura a ɗaga shi daga shimfiɗa sai bayan kaka. Haka mutumin da bai taɓa kwana biyu bai taka gonarsa ba ya kwanta tun gero yana gwiwa, har ya fitar da kai, har ya fara nuna, bai gan shi ba.

Wata safiya ina ɗiga masa magani ya ce da ni, "Ka ce gero ya yi kyau. Yayanka ya ce gero ya yi kyau. Duk wanda ya shigo duba ni haka yake faɗa. To wa ya taɓa gaya wa marar lafiya cewa gonarsa ta lalace? Ni dai so nake in gani da ɗan abin da ya rage min."

Ina koyarwa a makarantar firamare ta garinmu, kuma tun da na sayi waya mai kyamarar kirki na kamu da son ɗaukar hoto. Gajimare nake ɗauka, da itatuwa, da rumbuna bayan ruwa ya ɗauke. Baba ba ya son hoton mutane, amma bai taɓa hana ni wannan ba. Don haka da ya yi maganar, na ce a raina ai abu ya zo gidan sauƙi. Na tafi gona na ɗauko hotuna da yawa na kawo masa.

Ya kara wayar a idonsa, ya dubi na farko, ya dubi na biyu, ya miƙo min. Ya ce na yanka masa gona gunduwa-gunduwa, bai san wanne ne gabas wanne ne yamma ba, kuma wa ya sani ko wuraren da suka yi kyau na zaɓo. Washegari na ɗauko bidiyo. Shi kuma ya fi ƙarfin idonsa, kafin ya kama abu ɗaya ya wuce, har ya ce jiri yake sa shi. Abin da yake so shi ne ya fara daga gambar da ke iyakar yamma, ya bi gonar a hankali kamar yadda ya saba binta da ƙafa, ya tsaya inda ya ga dama, har ya fita ta iyakar gabas.

A nan na tuna da wani abu a cikin kyamarar wayar da ban taɓa ba shi muhimmanci ba, wanda ake kira fanorama. Mutum yana tsayawa wuri ɗaya, ya danna, ya riƙa juya wayar a hankali daga hagu zuwa dama, ita kuma tana ɗinke abin da ta gani ya zama dogon hoto guda. Wata 'yar kibiya tana tafiya a kan layi a fuskar wayar. Idan ka yi sauri ta ce ka rage, idan hannunka ya yi sama ko ƙasa ta sauka daga layin. In an gama, mai kallo yana iya buɗa hoton da yatsa ya ja shi sannu-sannu, ya tsaya inda yake so. Na ce ga abin da Baba yake nema.

A baki abin ba wuya. Na farko da na ɗauka, gero ya fi ni tsawo, ban samo komai ba sai kara da ganye. Sai na hau wani tsohon suri da ke gefen kudu na gonar, daga can ana hango ta duka. Na biyu ya fito a karkace, sararin sama ya karye a tsakiya kamar an taka faranti. Na ƙona data ina kallon yadda masu abin suke yi, na koyi cewa a tsaye ake riƙe wayar, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, kuma wayar ce za ta juya a inda take, ba mutum ne zai yi ta shawagi da hannu ba. Na koyi danna fuskar wayar in riƙe har hasken ya tsaya wuri ɗaya, don kada rabin hoto ya yi duhu rabi ya yi fari. Na kuma gane cewa duk abin da ya motsa lokacin da kake juyawa, wayar za ta yanka shi ko ta ninka shi. Iska kaɗan ta kaɗa, sai kawunan gero su fito kamar an tauna.

Masu abin suna ɗora wayarsu a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku. Ni ban da shi, kuma hannuna rawa yake yi, don tun ina kan hanya nake tunanin ko yau bakin butar nan ya ƙara tsukewa. Sai na tuna da wata matacciyar fanka mai tsayuwa da ke jingine a ɗakina. Na cire mata kai, na bar sandar da gindin, na ɗaure wayar a wuyanta da robar tayar keke. Wuyan yana juyawa sumul. Ranar da na fara saɓa ta zuwa gona ban sha da daɗi ba. Wani maƙwabcinmu ya tsaya da nomansa ya ce, "Malam, geron ne ya ce zafi yake ji?" Wani kuma ya ce in na samu inda ake jona ta a gona in gaya masa, shi ma yana da rediyo.

Ban kula su ba, don abin da ya fi tsokanarsu ci min rai yana gaba. A ƙasarmu gona tana jikin gona, hanya tana ratsa kowace, kuma ba wanda zai wuce ka bai yi maka magana ba. Fanorama kuwa tana son ɗan lokaci, bai kai minti guda ba, wanda mutum zai ɗauke numfashi ya zama kamar dutse. Wannan ɗan lokacin ne na nema na rasa. Ina kaiwa tsakiya sai in ji "Salamu alaikum, sannu da aiki." In amsa, kibiya ta yi tsalle. Wani ba zai tsaya a baki ba, sai ya ratso ta gaban kyamara ya miƙo hannu, ya fito a hoton da kai biyu ba ƙafa. Idan babba ne kuwa dole in saki komai in sauko daga kan surin in durƙusa, a tambayi jikin Baba, a yi addu'a, a shafa. Kafin in koma sama iska ta taso, ko rana ta fito ta ƙone gefen gabas ya yi fari fat.

Lumshi nake nema, wato safiyar da gajimare ya rufe rana ba tare da ruwa ko iska ba, kuma irin wannan safiya ba kullum ake samunta ba. Ga Yaya, babban wanmu da yake riƙe da aikin gonar, ya fara ƙorafi. Tsuntsaye sun sauka a geron, kuma waken da ke ƙarƙashinsa yana son rana.

"Jibi zan sa a kwantar da geron nan," in ji shi. "Ba zan bar abincin shekara a bakin tsuntsu saboda hoto ba."

"Yaya, don Allah ka ƙara min kwana kaɗan. Ba don ni ba ne."

"Na san don wa ne. Shi da kansa in ya ji tsuntsu na ci, cewa zai yi a yanke."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma maganar ta ƙona min rai. Kullum da safe in na shiga ɗiga magani ina gwada Baba ba tare da ya sani ba. In ajiye kofi a gefensa in ga ko zai gan shi. Da farko yana juya kai ya same shi. Daga baya sai ya lalubo. Ranar da ya kira ni da sunan Yaya ina tsaye a gabansa, sai da na buɗe baki ya gane ni, na fita ban karya ba.

Ana gobe za a kwantar da geron aka wayi gari da lumshi. Ko ganye ba ya motsi. Na saɓi fankata ina sauri kamar wanda aka biyo, na hau surin, na daidaita gindinta da duwatsu, na tsayar da haske, na yi bisimilla na danna. Gambar yamma ta shiga. Layukan dawa suka shiga. Kibiya tana kan layinta kamar an ɗaure ta. Na kusa gawon da ke tsakiyar gonar, wanda yake tsaye ba ganye kamar yadda gawo yake yi da damina, sai na ji ƙarar keke ta tsaya a bayana.

"Salamu alaikum."

Muryar Baffa ce. Ba ƙanin Baba ba ne na jini, amininsa ne tun suna karatun allo, mu kuma da Baffa muka tashi muna kiransa. Fataucin wake yake yi zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano. A duk garin, in ka cire Baba, ba wanda nake jin nauyinsa kamarsa.

Ban amsa ba. Na ce a raina saura kaɗan, in na gama sai in sauko in ba shi haƙuri. Ya sake yin sallama, da ɗan ƙarfi. Gumi ya keto min, na ji harshena yana motsi da kansa, na danne shi da haƙori. Gawo ya wuce, gyaɗa ta shiga. Ya yi ta uku. Na ci gaba da juya wuyan fankar har gambar gabas ta shigo, na danna na tsayar. Da na waiwaya, sai bayansa na hango, yana tuƙa kekensa ya yi nisa. Na ƙwala masa kira, bai juyo ba.

Na duba hoton. Ya fito. Tun daga wannan iyaka har waccan ba karaya ba tabo, kan gero ɗaya-ɗaya ana iya ƙirgawa. Na bar fankar a nan na yi gida.

Ashe Baffa ya riga ni. Ya biya ya yi wa Baba sallama don zai bi motar wake zuwa Dawanau, kuma har ya tafi. Ina shiga na durƙusa na ce, "Baba, an samu. Ga gonar nan duka."

Bai miƙo hannu ba. Ya ce, "An yi maka sallama sau uku?"

"Baba, ina tsakiyar ɗauka ne, in na yi magana..."

"An yi maka ko ba a yi maka ba?"

"An yi."

"Ka amsa?"

Na sunkuyar da kai. Ya juya fuskarsa bango ya ce, "Shekara nawa ina zaune a zauren nan ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa amsa sallama wajibi ne. Ba zan kalli abin da aka samo da hana Musulmi haƙƙinsa ba. Je ka amsa masa sallamarsa, sannan ka kawo."

Na ce zan kira shi a waya yanzu-yanzu. Ya ce ai ba a waya ya yi min ba. Na ce to ya duba hoton tukuna, na rantse zan je. Ya ce in ya duba ai an gama, me zai kai ni. Na ce, "Baba, idon nan fa ba jiranmu yake ba." Wannan ce maganar da duk gidan muke kauce wa, ni na fasa ta. Ya ce, "Na fi ka sani, ai a kaina yake."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna yana ɓaci. Na fita ina huci, na hau babur zuwa Tsanyawa, na shiga bas. Motar nan ta tsaya ɗaukar fasinja a kowane ƙauye, ni kuwa ina zaune a takure ina jin kamar in sauka in tura ta. Duk hanya lissafi ɗaya nake yi, ko zan dawo da sauran hasken rana, don da yamma ta yi Baba ba ya ganin komai.

Wanda bai san Dawanau ba zai ɗauka neman mutum a cikinta abu ne mai sauƙi. Buhuna sun yi tsauni, motoci suna shiga suna fita, 'yan dako suna ihu a ba su hanya. Wayar Baffa a kashe. Na bi layin 'yan wake rumfa-rumfa ina kwatance, wannan ya tura ni can, wancan ya dawo da ni nan. Sai bayan la'asar na same shi zaune a kan buhu yana cin gyaɗa tare da abokan cinikinsa. Na zube a gabansa, ban ce komai ba sai, "Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu."

Mutanen wurin suka dube ni, suka dubi juna. Baffa ya riƙe baki, sannan ya fashe da dariya har yana tari.

"Kai, ɗan nan! Tun daga gida ka biyo ni da ita?"

"Baba ne ya ce in kawo maka. Ka yafe ni, Baffa."

"Wallahi ni ban riƙe ka ba. Tsoro ne ya kama ni. Na ga mutum a kan suri da sassafe, rungume da fanka ba kai, ana yi masa magana ba ya ko ƙiftawa. Na ce wa mahaifinka a bincika, kada dai iska ce ta taɓa yaron nan."

Da na gaya masa abin da nake yi a kan surin da dalilinsa, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Subhanallahi. Tashi maza ka koma. Ka ce masa na karɓa, kuma na ce ya cika taurin kai, tun muna yara haka yake." Ya raka ni har bakin titi da kansa ya tsayar min da mota.

Ruwa ya tare mu a hanya, ban isa gida ba sai bayan magariba. Na isar da saƙon Baffa, Baba ya yi murmushi ya ce sai da safe.

Da hantsi na buɗe ƙofar ɗakin don haske ya shigo, na ƙure hasken wayar, na buɗa hoton daga gefen hagu na riƙe masa dab da idonsa. Ya daɗe yana neman inda zai sa ganinsa, yana matsar da kai kaɗan-kaɗan. Can ya ce, "Gamba." Na ce ita ce. Ya ce in ja. Na ja a hankali. Ya ga dawa ya ce ta yi duhu, taki ya kama ta. Ya ga wani gurbi inda shuka ba ta fito ba, ya ce ai ya san wurin, ruwa ne yake kwanciya, kuma ga shi ba wanda ya gaya masa. Ya ce in tsaya a kan geron, ya daɗe a nan, yana cewa masha Allah a hankali. Idon yana ta zubar da ruwa ina share masa. A daidai lokacin muna jin muryoyin su Yaya sun wuce da kayan aiki za su kwantar da geron da yake kallo.

Da muka kai gawo ya rufe idon ya ce, "Ya isa haka. Kaina yana sarawa. Gobe ma ƙarasa."

"Baba, saura rabi fa. Ka ɗan huta mu ci gaba."

"Na ce gobe."

Na sake gwadawa da azahar, ya ce hazo yake gani, in bar shi. Ban iya cin abinci ba ranar.

Washegari na shiga da maganin, na buɗe ƙofa, rana ta faɗo har kan shimfiɗarsa. Na gaishe shi ya amsa. Sai ya ce, "Buɗe ƙofar mana, ka bar mu a duhu."

Na tsaya riƙe da kwalbar maganin. Shirun nawa ne ya gaya masa, don na ga ya ɗaga hannu ya kai gaban fuskarsa, ya juya shi, ya mayar ya ajiye. Ya yi salati, ya ce Allah ya ba shi aro ya karɓi abinsa. Ni ne na kasa, na zauna a bakin shimfiɗar ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina jin tausayinsa, duk a haɗe.

Ya bar ni sai da na yi shiru. Sannan ya ce, "Wayar tana hannunka?"

Na ce tana nan.

"A ina muka tsaya?"

"A gawo."

"To buɗe. Daga gawo, me ke nan? Kada ka gyara min komai, yadda yake za ka faɗa."

Na buɗe hoton na ja shi zuwa gawo. Na ce bayan gawo akwai gyaɗa, ta rufe ƙasa, amma layi biyu na bakin hanya awaki sun taɓa su. Ya ce ya san awakin waye. Na ce daga nan gero ne kuma, kawunansa ba su kai na yamma ba, kuma akwai wuta-wuta a gindin wasu. Ya gyaɗa kai ya ce bara ma ta fito a nan, a gaya wa Yaya ya tuge ta kafin ta zubar da iri. Na ja hoton zuwa na gaba, sai na ajiye wayar a cinyata ina share hawaye.

Ya lalubo gwiwata ya dafa. Ya ce, "Ci gaba mana, ai ba mu kai iyaka ba."